Ƙarar Giya a Tsohon Babur: Ta Haihuwa da Ta Ciwo

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa bakin kasuwar kifi ta Haɗeja cikin hunturu ya san wannan sauti. Mai babur ya buga kik, inji ya tashi, ya matse kuloci, ya taka giya ta ɗaya: ƙwas! Babur ya ɗan zabura gaba kamar jakin da aka tsikara, wani lokaci ma ya mutu nan take. Na kusa da shi ko waiwaye ba ya yi. In ka tambayi mai abin, amsar ɗaya ce daga Auyo har Guri: “Ai tsohon mashin ne, Malam, haka yake.”

Rabin wannan amsa gaskiya ne, kuma shi wannan rabin ne ke rufe wa mutane ido daga ɗaya rabin. Akwai ƙarar da babur ke fitowa da ita daga kamfani, wadda ko jiya aka kwance shi daga kwali zai yi ta. Akwai kuma wadda ciwo ke kawowa. Kunnen da ya saba da ta farko yakan yi wa ta biyu uzuri, har ranar da giya za ta fice a kan gangaren kogi da buhu biyu na shanshera a baya.

A ƙasar Haɗeja maganar babur maganar abinci ce. Ƙananan hukumomi takwas na masarautar, wato Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kirikasamma da Guri, kwalta ta haɗa manyan garuruwansu, amma gona da matsunta da ruga suna can inda kwalta ba ta kai ba. Kogin da ya taso daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, da zarar ya wuce garin Haɗeja sai ya bazu, ya rabu rassa-rassa cikin fadama. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa da dama, shi kuma ya nemi wasu. Hanyar da ka bi bara da ƙafa busasshiya, bana sai ka naɗe wando. A 2020 da 2022 mutanen garin Haɗeja sun kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa. A irin wannan ƙasa babur ne ke fito da shinkafa da tattasai da kifi zuwa bakin titi, shi ke kai injin ban-ruwa gona, shi ke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Galibin baburan nan kuwa ba sababbi ba ne.

Sai an fahimci yadda cikin akwatin giya yake kafin a iya raba ƙarar haihuwa da ta ciwo. Mutane da yawa suna zaton in an taka giya, haƙoran wani faifai ne ke shiga cikin haƙoran wani. A babur ba haka abin yake ba. Sanduna biyu ne na ƙarfe a kwance kusa da juna, kowace ɗauke da jerin faifai masu haƙora, kuma haƙoran kullum a sarƙe suke, ko babur yana firi. Wasu faifan suna maƙale da sandarsu, wasu suna juyawa a kanta sakaka. A gefen wasu akwai ’yan kunnuwa na ƙarfe, a gefen maƙwabtansu akwai ramuka. Idan ƙafa ta taka, wata ’yar ganga mai tsagi a jikinta ce ke juyawa, tsagin ya tura wani ƙarfe mai kama da cokali mai yatsu biyu, shi kuma ya zame faifai gefe har kunnuwansa su faɗa ramukan na kusa da shi. Shigar giya ke nan.

Mota ma tana da irin waɗannan kunnuwa, amma tana da wasu zobba da ke daidaita gudun ɓangarorin biyu kafin su haɗu. Kamfanin Cadillac na Amurka ne ya fara sa su a motocinsa a 1928. Babur ba shi da su, saboda wuri da nauyi da kuɗi. Kunnuwa na juyawa, ramuka na tsaye ko suna wani gudu dabam, sai kawai a cusa wannan cikin wancan. Ƙarfe ya sami ƙarfe, dole a ji.

Shi ya sa shiga giya ta ɗaya daga firi ta fi kowace ƙara. Babur na tsaye, tayar baya ba ta motsi, amma sandar da ke karɓar ƙarfi daga inji tana juyawa. Ka matse kuloci don ka raba ta da inji, sai dai kulocin waɗannan babura jerin faranti ne da ke jiƙe cikin baƙin mai, kuma mai yana da danƙo. Ko an saki farantan, man da ke tsakaninsu yana ci gaba da jan sandar. Ka taka giya, kunnuwa suka faɗa rami, sandar ta tsaya cak a bugu ɗaya. Wannan bugun ne ƙwas ɗin. Da asubar hunturu, lokacin da mai ya yi kauri, jan ya fi ƙarfi, bugun ma haka. In babur ya yi wannan sau ɗaya da safe, sa’annan ya yi laushi bayan ya ɗumama, lafiyarsa ƙalau. A bar shi ya yi ’yan mintuna yana silo, a matse kuloci a riƙe na ɗan lokaci kafin a taka, za a ji bambanci ba tare da an kashe ko sisi ba.

Ƙarar da ta kamata ta hana mutum barci ita ce wadda ba ta tafiya bayan inji ya yi zafi, ko wadda ta sauya murya. Maimakon ƙwas ɗaya sai ka ji ƙarrr, kamar ana goga wuƙa a kan dutse: kunnuwa ne ke tsallake bakin ramuka sun kasa shiga, kuma kowane tsallake yana cin kusurwarsu. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, galibin lokaci tushen wannan ciwo yana wajen akwatin giya, a wuraren da hannu ke kaiwa da sifana ɗaya.

Wanda ya fi kowa laifi shi ne kulocin da ba ya saki sosai, kuma gane shi ba ya buƙatar makanike. In inji na aiki ka yi ta laluben firi ka kasa samu, ƙafa na tsallakewa daga wannan giya zuwa waccan, amma da zarar ka kashe inji firi ya shiga cikin sauƙi, to kuloci ne. In kana giya ta ɗaya, ka matse kuloci har ƙarshe, babur yana son ya ja ka gaba, shi ne dai. Sau da yawa wayar kuloci ce ta miƙe, ko ƙura ta cika mata riga, ko silinta sun fara tsinkewa a ciki. Wani lokaci hannun kulocin ne ya lanƙwashe a wata faɗuwa, yana taɓa kan babur kafin ya ja wayar yadda ya kamata. Ma’aunin da littattafan Honda suka saba bayarwa shi ne wasan milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun kafin ya fara ja, kusan faɗin yatsa guda. In ya wuce haka kuloci ba zai saki ba. In kuma aka ɗaure shi tam babu wasa ko kaɗan, kamar yadda samari ke so don hannu ya yi kaifi, farantan za su riƙa zamewa a kan juna, su yi zafi, na ƙarfen cikinsu su karkace. Farantin da ya karkace ba ya sakin maƙwabcinsa ko an ja waya har ta tsinke, sai a koma gidan jiya, wannan karon da kuɗi.

A nan ne yashin ƙasarmu ke shigowa. Wanda ya ratsa rairayin Birniwa da lodi ya san dabarar: rabin kuloci, totur a buɗe, ƙafafu biyu a ƙasa ana tuƙi kamar kwalekwale. Ba a iya guje mata gaba ɗaya, amma duk minti ɗaya na wannan tafiya wuta ce a kan farantan. Da daɗewa kuma, kunnuwan farantan sukan sassaƙa tsagi a jikin kwandon da suke ciki, su riƙa maƙalewa a tsagin maimakon su zame. Makanike mai haƙuri yana iya goge ƙananan tsagi da zarto mai laushi. In sun yi zurfi sai sabon kwando. Duk wannan ta murfin gefe ake yin sa, ba a raba inji biyu.

Akwai kuma silo. Tsohon babur da kafiretarsa ta gaji yakan mutu in an sake totur, mai shi kuwa ba ya son buga kik a gaban fasinja, sai ya sa a ɗaga masa silo. Inji na gudu, sandar giya na gudu, kowace shiga giya ta ɗaya ta zama duka. An rufe wata ɓaraka da wata.

Ba duk baburan nan ne jinsi ɗaya ba, kuma wannan bambanci yana ɓatar da mutane. Bajaj Boxer na Indiya, wanda ya mamaye acaba da dakon kayan gona, da TVS, da tarin baburan Sin irin su Haojue da Qlink da Lifan, mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci, kuma bai fi kimanin lita guda ba. Tsohuwar Jincheng mai hayaƙi, wadda aka ƙera a kan fasalin Suzuki AX100, tsarinta dabam: man da take ƙonawa tare da fetur daban, man akwatin giya daban. Na farkon yana ƙarewa, dole a tuna da shi. Na biyun ba ya ƙarewa sai in ya zuba, saboda haka akwai baburan da suka shekara da shekaru ba a taɓa kwance musu wannan noti ba. Mai ita zai rantse maka kullum yana sa mai, kuma gaskiya ya faɗa, amma man da giya ke wanka a ciki tun na mai ita na farko ne.

Sai roba-roba, jikokin Honda Super Cub da ta fito a Japan a 1958, wadda yawan da aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017. Ba ta da hannun kuloci. Ƙafar da ke taka giya ita ce ke sakin kuloci a lokaci guda, shi ya sa ƙwas ɗinta ta haihuwa ta fi ta sauran. Amma ita ma tana da wurin saiti, ɗan sukurun da ke jikin murfin dama da notinsa, kuma da yawa daga masu ita ba su san da shi ba. Sa’annan wanda ya taka giyarta bai sassauta totur ba yana dukan kunnuwan nan da dukan ƙarfin inji.

Maganar baƙin mai ita ce zuciyar al’amarin, kuma ba mu muka fara ba. A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa biyu su zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan su ga yadda ake amfani da babura. Abin da suka tarar zai yi wa duk Bahaɗeje kama da gida: iyali guda a kan babur ɗaya, kaya fiye da kima, mai ya koma kamar kwalta ba a juye ba, matatar iska ta toshe da ƙura, sarƙa ta miƙe. Daga wannan tafiya aka ƙera CG125 a 1975, inji mai jure sakaci, wanda kamfanonin Sin suka yi ta kwaikwayo har ya cika kasuwanninmu. Sai dai jurewa tana da iyaka, kuma illarta ita ce tana sa mai abu ya ɗauka babu abin da ke faruwa. Inji zai ci gaba da tashi da man da ya mutu tuntuni. Giya ce ke fara kai ƙara, domin haƙoranta ne ke niƙa man, su kuma ke fara jin rashinsa.

Waɗannan ƙananan injuna da yawansu ba su da matatar mai ta takarda, sai ’yar raga da wani kofi mai juyawa da ke wurga datti gefe. Duk ƙurar da ta shiga, duk garin da farantan kuloci suka zubar, yana yawo cikin lita ɗayan nan. Ɗan acabar da ke yin kilomita 100 a rana ya yi 3,000 a wata, kuma agogon gudun baburanmu galibi ya daɗe da mutuwa, babu mai ƙirga masa. Wanda ke wannan aiki gara ya ɗaure juye da abin da ba ya mantawa, Juma’a kaza ko kasuwa kaza, da ya tsaya jiran ranar da mai zai yi baƙi ƙirin.

Irin man ma magana ce. Man da aka yi wa motocin zamani yana ɗauke da sinadaran rage gogayya, abin da ke da kyau ga mota amma yake sa kulocin babur zamewa. Shi ya sa a 1998 Japan ta fito da ma’auni na musamman, kuma galan ɗin da ya dace da kuloci mai jiƙa za ka ga an rubuta JASO MA a jikinsa. Mutum nawa ne ke duba wannan? Da yawa man awo suke saye a gorar ruwa, ba suna ba lamba, wani ma tsohon mai ne da aka tace. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama jabun man inji a ƙasar nan, ga shi kuma bai ƙare a kasuwa ba. Wasu kuma da gangan suke neman mai kauri irin na manyan motoci don ya rufe hayaƙi da ƙarar inji. Yana rufewa kuwa, amma ya manne farantan kuloci, ƙarar ta tashi daga sama ta koma giya. Cika mai ya wuce alama ma haka yake yi. Mai sayen babur na hannu ya lura da wannan: injin da ya yi shiru fiye da shekarunsa, a zaro ma’aunin mai a murza a yatsa.

Abin da ya raba mu da Kano ko Dutse shi ne ruwa. Daga Agusta zuwa Oktoba mai babur a Kirikasamma ko Guri yana iya ratsa ruwa sau biyar kafin azahar. Inda ya yi zurfi a ɗora babur a jirgin fito. Inda ake ganin za a iya, a kutsa. Inji mai zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta bututun numfashinsa ko ta robar da ta tsufa a bakin sandar giya. Babur ya fita, ya ci gaba da tafiya, mai shi ya yi hamdala. A ciki kuwa mai ya gauraya da ruwa ya koma kalar kunun gyaɗa. Wannan kunu ba ya riƙe ƙarfe. Boris ya fara tsatsa, farantan ƙarfe su yi tabo, na fiba su kumbura. Bayan makonni sai a fara jin wani kuka, wuuu, mai ƙaruwa da gudu, a rasa daga ina ya fito, don an manta da ranar da aka ratsa ruwan. Wanda kuma ya jingine babur a zaure har ruwa ya janye, ranar da ya tashe shi zai iske farantan sun manne. Ya matse kuloci, ya taka giya, babur ya yi tsalle ya mutu. Duk wanda ruwa ya kai masa rabin inji, ya duba mai a ranar. In ya ga fari ya juye, ya yi ’yar tafiya, ya sake dubawa, in da saura ya sake juyewa. Kuɗin mai biyu yana da ciwo, na sani, amma bai kai ko kusa da kuɗin boris da aikin buɗe inji ba.

Wata ƙarar kuma ana ɗora wa giya ita alhali daga baya take fitowa. Sarƙar da ta yi sako-sako tana fizga duk sa’ad da aka saki kuloci. Robobin da ke cikin cibiyar ƙafar baya, waɗanda aikinsu shanye fizgar, sukan niƙe a ƙarƙashin lodi har ya zama ƙarfe ke dukan ƙarfe. A kafe babur a riƙe faifan sarƙa na baya a jijjiga shi gaba da baya, in yana wasa su ne, kuma suna cikin mafi arahar kayan babur. Da yawa suna cire murfin sarƙa don yana kwaramniya, sai su shafa mata tsohon mai, yashi ya manne, ta koma dutsen niƙa tana cin kanta. Ɗaure ta tam kuma ya fi muni, domin in aka ɗora buhu babur ya zauna, sarƙar na ƙara miƙewa ta ja sandar giya, ta kashe boris ɗin bakinta. Wasan da ya kai faɗin yatsu biyu shi ne daidai ga irin waɗannan babura.

Ƙafar mahayi ma tana da nata kason. Takalmin roba, matakin giya mai gaba da baya, diddige ya sauka da nauyin jiki duka. Cokulan nan na ciki sirara ne, an yi su don su tura faifai, ba su iya ɗaukar nauyin ƙato. Ga masu ajiye ƙafa a kan mataki duk tsawon tafiya, cokali na gogar faifai har ya cinye. Ga kuma gyaran da ke ɓata mini rai duk inda na gan shi: matakin giya ya kwance, haƙoran bakinsa sun cinye saboda ba a ɗaure noti ɗaya da wuri ba, sai a kai wa mai walda ya like shi da sandar. Zafi ya ƙona robar da ke tare mai da ruwa, kuma ranar da aka faɗi ta wannan gefen, dukan zai wuce kai tsaye zuwa ciki.

In aka bar duk waɗannan, ƙarshensu ɗaya. Kusurwar kunnuwa ta cinye ta zama kamar bakin tsohuwar taɓarya, giya ta shiga, a buɗe totur, ta tofo kanta waje. Galibi ta biyu ce ke fara yi, don ita ta fi shan wuya a yashi da tashi da lodi. Mahayi ya koyi danne mataki da ƙafa don kada ta fita, cokali ya lanƙwashe, abin ya ƙaru. A wannan mataki babu saiti ko mai da zai yi magani, sai an sauke inji an raba shi biyu. Kuma akwai abin da ya kamata kowane mai goyon mutane ya sani: kuloci yana tsakanin inji ne da akwatin giya. In fistin ya cije ana cikin gudu, matse kuloci yana ’yanta tayar baya. In kuwa gutsuren ƙarfe ya shiga tsakanin haƙoran giya ya kulle ta, kuloci ba shi da abin da zai yi, taya za ta tsaya cak. A kan hanyar Gujungu ranar kasuwa, da tirela a baya, wannan ba maganar gyara ba ce kuma.

Ba na ganin adalci ne a tattara laifin duka a kan mai babur. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 fetur ya kusa ninkawa uku cikin kwanaki, darajar naira ta faɗi, sabon babur da kayan gyara da baƙin mai duk suka haye sama. Wanda ke kai wa maigida balas kullum, in ya zo zaɓe tsakanin fetur ɗin yau da juyen da za a iya ɗagawa zuwa mako mai zuwa, kowa ya san abin da zai zaɓa. Kuma babur ɗin da ke hannunsa sau da yawa ya riga ya ci duniya. Kano ta hana acaba a Janairun 2013. Legas ta taƙaita ta a 2020, ta ƙara matsawa a 2022. Yadda ’yan Jigawa ke kai babura kudu neman abinci ba ɓoyayye ba ne: a Agustan 2019 jami’an Legas sun tsare mutum 123 da suka taso daga jihar nan da babura 48 a cikin babbar mota guda. Babur ɗin da ya gama wahalar birni, in ya dawo gida, fadama ce ke karɓar ragowarsa. Amma daidai saboda aljihu babu, shi ya sa bambance ƙarar nan ya fi zama dole a kan talaka fiye da mai hali. Waya, robobin baya, saitin silo da lita ɗaya ta mai na gaskiya, duka a haɗe ba su kai kwanakin da babur zai yi a kwance a gareji ba, ga balas na taruwa.

Makanikanmu na ƙarƙashin bishiyar maina suna da basirar da ba a ba su yabonta. Mutum ya saurari inji na minti ɗaya ya gaya maka abin da ke ciki, kuma ya dace. Inda nake da ƙorafi shi ne saurin cewa “sai an buɗe inji” kafin a duba na waje, da kuma yadda ake buɗewar: a kan ƙasa, iska na kaɗa yashi, ’yan siraran washa da ke tsakanin faifai suna ɓacewa cikin ƙura, a mayar da tsohon zoben kulle da ya riga ya saki. A canza faifan da kunnuwansa suka cinye a bar abokinsa mai ramuka da su ma bakinsu ya faɗaɗa, bayan wata biyu giya ta koma fita. Buhu mai tsabta a shimfiɗa, tire na jera kaya bi da bi, canza faifai biyu tare da duba cokali, ba sa buƙatar jari. Garin Haɗeja da ke da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman, ga ƙungiyoyin ’yan acaba da na makanikai, ga aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo da aka ƙaddamar a farkon 2023 wanda ya ƙara yawan lodin da ke bin waɗannan hanyoyi, bai kamata ya rasa bitar kwana biyu ga yaran gareji kafin kowace damina ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai binciken da kowa zai iya yi ranar juye. Kada a bar mai ya zuba a ƙasa ko a cikin baƙin galan. A tara shi a kwano mai haske tun yana da ɗumi, a fita da shi rana, a karkata. Baƙi kawai tsufa ne. Fari-fari ruwa ne. Warin ƙuna da baƙin gari a gindin kwano, farantan kuloci ne. Ƙyalli mai laushi kamar an barbaɗa kwalli, a zura maganaɗisun tsohuwar sifika a gani: in ya fito da gari kaɗan, cin yau da kullum ne, a matso da ranar juye ta gaba. In ya fito da gutsure mai kaifi wanda yatsa ke ji, ko da girman ƙwayar gero ne, daga kunnen giya ko haƙori ya ɓalle, kuma babur ɗin bai kamata ya sake ɗaukar mutum ba sai an buɗe an ga inda ya fito.